Gidan Bajaj: Daga Fataucin Auduga a Wardha Zuwa Titunan Duniya

Bajaj Auto kamfani ne mai ƙera babura da kekuna masu ƙafa uku, hedikwatarsa tana birnin Pune da ke jihar Maharashtra a yammacin Indiya. Babu kamfanin da ya kai shi yawan ƙera masu ƙafa uku a duniya, kuma shi ne kan gaba a Indiya wajen fitar da babura zuwa ƙetare, inda kayansa ke shiga ƙasashe sama da 70. Ana cinikin hannun jarinsa a kasuwar Mumbai kamar na kowane babban kamfani, amma fiye da rabin hannun jarin, da kujerar shugabanci, suna hannun zuriyar mutum ɗaya, Jamnalal Bajaj, wanda ya rasu tun kafin a ƙera babur ko ɗaya da sunan gidansa.

An haifi Jamnalal a 1889 a wani ƙauye kusa da Sikar, cikin busasshiyar ƙasar Rajasthan, a gidan da ba shi da wadata. Yana ɗan shekara biyar wani attajirin garin Wardha mai suna Seth Bachhraj ya ɗauke shi riƙo, ya mayar da shi magajinsa. Dukkansu Marwari ne, wato jama'ar da ta shahara a Indiya da fatauci da bayar da bashi da riƙon amana tsakanin dangi, kwatankwacin sunan da Agalawa da Tokarawa suka yi a fataucin goro. Wardha ƙasar auduga ce, don haka yaron ya tashi cikin saye da gurza da ɗaure auduga ana kai ta Bombay, wato Mumbai ta yau. A 1926 ya haɗa harkokinsa a ƙarƙashin kamfani guda, kuma daga wannan shekara gidan yake lissafin tarihinsa. A 1931 ya kafa masana'antar sukari a arewacin ƙasar.

Abin da ya bambanta Jamnalal da sauran attajiran zamaninsa shi ne alaƙarsa da Mahatma Gandhi. Gandhi yana da 'ya'ya maza huɗu, ya kuma amince a kira Jamnalal na biyar. Jamnalal ya mayar wa Turawan mulkin mallaka sarautar girmamawa ta Rai Bahadur da suka ba shi, ya daɗe yana ma'ajin jam'iyyar Congress, an ɗaure shi ba sau ɗaya ba, kuma shi ya bayar da filin da Gandhi ya gina mazauninsa na Sevagram a 1936. A 1928 ya buɗe wurin ibadar gidansu da ke Wardha ga mutanen da al'adar Hindu ta ɗauka ƙasƙantattu, abin da ya jawo masa baƙin jini a cikin danginsa. Ya rasu a 1942. Bai bar wa 'ya'yansa masana'antar ƙarfe mai girma ba, amma ya bar musu suna, kuma a Indiyar da ta samu 'yanci a 1947 a hannun abokan gwagwarmayarsa, wannan suna jari ne. Duk wanda ya karanta tarihin gidan da idon basira ba zai raba samun lasisin da ya biyo baya da wannan kusanci ba, ko da yake lasisi kaɗai ba ya ƙera babur.

Babban ɗansa, Kamalnayan Bajaj, shi ya juya akalar gidan daga fatauci zuwa ƙere-ƙere. A watan Nuwamba na 1945 aka yi rajistar Bachraj Trading Corporation, wanda daga baya ya zama Bajaj Auto. Daga 1948 kamfanin ya fara shigo da babura da masu ƙafa uku na kamfanin Piaggio na Italiya yana sayarwa. A 1959 gwamnati ta ba shi izinin ƙerawa a cikin gida, ya kuma ƙulla yarjejeniya da Piaggio don yin Vespa, babur ɗin da Hausawa suka sani da basfa. Aka gina masana'anta a Akurdi, wani fili a bayan garin Pune. A wannan mataki gidan Bajaj yana da abokan tarayya, iyalan Firodia, waɗanda suka taka rawa sosai a harkar masu ƙafa uku. Tarayyar ta watse a ƙarshen shekarun 1960 bayan saɓani mai zafi: Firodia suka tafi da kamfanin ƙananan motocin ɗaukar kaya, wanda a yau ake kira Force Motors, Bajaj suka riƙe basfa.

Mutumin da ya fito daga wannan rikici da ragama a hannu shi ne Rahul Bajaj, ɗan Kamalnayan, wanda aka haifa a 1938. Ya yi karatun tattalin arziki da shari'a a Indiya, ya samu digiri na biyu kan harkar kasuwanci a Harvard ta Amurka a 1964, ya zama shugaban gudanarwa na Bajaj Auto a 1968 yana ɗan shekara talatin. Maimakon ya zauna a unguwannin masu kuɗi na Bombay, sai ya tare a cikin harabar masana'antar Akurdi, 'ya'yansa suka yi makaranta tare da 'ya'yan ma'aikata. Wannan zama kusa da inji ya yi tasiri a kan abin da ɗansa ya zama daga baya.

Domin a fahimci shekaru ashirin da suka biyo baya, dole a san tsarin da Indiya ta bi, wanda ake yi wa laƙabi da mulkin lasisi. Gwamnati ce ke yanke wa kowace masana'anta adadin da za ta ƙera a shekara. Wanda ya wuce adadin ya yi laifi. Shigo da kaya daga waje kuwa an toshe shi da haraji mai nauyi da takardun izini. A 1971 yarjejeniyar Piaggio ta ƙare, gwamnati ba ta bari an sabunta ta ba, sai Bajaj ya ci gaba da ƙera babur mai kama da Vespa da sunan kansa. A 1972 ya fito da Chetak, sunan dokin Maharana Pratap, sarkin Rajput da ya yi yaƙi da dakarun Mughal a Haldighati a 1576.

Chetak ya zama motar talaka mai albashi. Maigida na tuƙi, yaro na tsaye a gabansa tsakanin ƙafafu, uwargida na zaune a karkace a baya da jariri a cinya. Buƙata ta ninka abin da aka yarda a ƙera, har ta kai mutum ya biya kuɗin ajiya ya jira shekara goma kafin layi ya zo kansa. Iyaye sukan yi wa ɗiyarsu rajistar Chetak tun tana ƙarama domin ya iso lokacin aurenta, tunda a can gidan amarya ne ke kai dukiya gidan ango. Wanda ya karɓi nasa yau zai iya sayar da shi gobe da riba mai tsoka. Hukumar da ke hana kamfanoni mamaye kasuwa ta taɓa kiran Rahul Bajaj saboda ya ƙera fiye da adadin da aka yanka masa, ya kuma nuna cewa a shirye yake ya shiga kurkuku a kan hakan, tunda iyayensa ma sun shiga saboda ƙasarsu. A 1977 kamfanin ya fito da keke mai ƙafa uku da inji a baya, ƙarƙashin kujerar fasinja, wanda shi ne kakan adaidaita sahun da ke yawo a Kano a yau. A 1985 aka buɗe masana'anta ta biyu a Waluj kusa da Aurangabad. A 1995 kamfanin ya ƙera abin hawansa na miliyan goma, ya kuma sayar da miliyan ɗaya cikin shekara guda.

Wannan zamani ya koya wa Bajaj abu ɗaya da kyau, ya hana shi koyon wani. Ya ƙware wajen ƙera abu mai yawa a kan farashi mai sauƙi, da samar da kusan kowane ƙarfe da roba a cikin gida, tunda babu damar shigo da su. Amma kamfanin da masu saye ke jiransa shekara goma ba shi da dalilin tambayarsu abin da suke so. Chetak na 1990 bai yi nisa da na 1972 ba. Yunƙurin farko na fita waje ma ya gamu da cikas, domin Piaggio ya kai Bajaj kotu a Amurka da Jamus ta Yamma da wasu ƙasashe kan zargin kwaikwayon Vespa. Duk da haka masu ƙafa uku sun samu shiga Indonesiya da Sri Lanka da Bangladesh, kuma tun tsakiyar shekarun 1970 mutanen Jakarta ke kiran duk wani keke mai ƙafa uku da sunan Bajaj.

Ƙofar da aka rufe ta fara buɗewa a farkon shekarun 1980, lokacin da aka bar kamfanonin Japan su yi tarayya da na gida. Honda ya haɗu da iyalan Munjal masu kekunan Hero a 1984, Suzuki ya haɗu da TVS, Yamaha da Escorts. Bajaj ya ƙulla yarjejeniyar fasaha da Kawasaki, ya fara fitar da babura a 1986, amma zuciyarsa tana wajen basfa. Babur ɗin Hero Honda kuwa injinsa mai bugu huɗu ne, ba a gauraya masa baƙin mai da fetur kamar Chetak mai bugu biyu, ba ya hayaƙi sosai, kuma litar mai tana kai shi nesa ƙwarai. Tayoyinsa manya ne, sun fi dacewa da hanyar ƙauye. Da gwamnatin Narasimha Rao ta rushe yawancin tsarin lasisi a 1991, Rahul Bajaj na cikin manyan masu masana'antu da suka taru, aka yi musu laƙabi da Bombay Club, suna neman kada a sake su ga gasar ƙetare kafin a gyara musu hanya. Mutane da yawa sun ɗauki wannan a matsayin tsoron gasa. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 matasan Indiya sun juya wa basfa baya, kuma a farkon shekarun 2000 Hero Honda ya sha gaban Bajaj.

A nan ne tsarin gado ya nuna amfaninsa, kuma a nan ne ya fi kusa da halaka kamfanin. Rajiv Bajaj, babban ɗan Rahul, injiniya ne, ya ƙaro karatu a Jami'ar Warwick ta Ingila, ya shiga kamfanin a 1990 daga ɓangaren ƙira. Abin da ya gani a Akurdi bai gamsar da shi ba: ma'aikata da yawa, inganci kaɗan, da shugabannin sashe da ba su yarda cewa Ba'indiye zai iya yin babur kamar na Japan ba. Shi da ƙanensa Sanjiv suka nemi mahaifinsu ya ba su damar gina sabuwar masana'anta a Chakan, arewa da Pune, inda ba za a kawo tsofaffin ɗabi'u ba. Aka buɗe ta a 1999 da ma'aikata kaɗan, yawancinsu matasa masu takardar difloma. Wani rukunin injiniyoyi matasa ya zana babur tun daga inji har tanki ba tare da hannun Kawasaki ba. A watan Nuwamba na 2001 ya fito da sunan Pulsar, mai ƙarfin 150cc da 180cc, da faffaɗan tanki da birkin faifai a gaba. Bayan shekara biyu aka ƙara masa fasahar fulogi biyu a silinda ɗaya, wadda ke sa mai ya ƙone sosai. Pulsar bai yi takara da Hero Honda a kan tsimin mai ba. Ya buɗe kasuwar saurayi mai son ƙarfi da ado, ya kuma mamaye ta.

Ba ƙaramin abu ba ne a ce manajan da aka ɗauka haya ya ce wa mai kamfani a kashe abin da ya yi masa suna. Ɗa ne kawai yake iya faɗin haka ya kwana a kujerarsa. Rajiv ya zama manajan darakta a 2005, aka daina ƙera Chetak a daidai wannan lokaci, aka dakatar da haɗa ababen hawa a Akurdi a 2007, a 2009 kuma ya sanar cewa Bajaj ya fita daga harkar basfa gaba ɗaya. Mahaifinsa ya fito fili ya ce bai ji daɗin hukuncin ba, amma bai soke shi ba. Gyaran ya zo da raɗaɗi: dubban ma'aikata sun karɓi sallama kafin lokacinsu, an rage yawan masu kawo wa kamfanin kayan haɗi ƙwarai, kuma ƙungiyoyin ƙwadago sun yi ta jayayya da shi. Hukuncin barin basfa ma yana da tsada, domin a daidai lokacin ne Honda Activa, basfa marar giya, ya mamaye biranen Indiya, musamman a hannun mata, Bajaj kuwa ba shi da abin da zai kara da shi.

Gidan kansa ya sha rabo. Shishir Bajaj, ƙanen Rahul, ya nemi a ware masa kasonsa, aka shafe shekaru ana ja-in-ja kafin a daidaita a 2008, ya tafi da kamfanin sukari da na man gashi. A wannan shekarar kuma aka raba Bajaj Auto gida uku: ƙere-ƙere a hannun Rajiv, harkar bashi da inshora mai suna Bajaj Finserv a hannun Sanjiv, sai kamfani na uku mai riƙe hannun jarin gidan a cikin sauran biyun. An yi wannan rabo uban yana da rai da lafiya, kowane ɗa ya san gonarsa. Masana'antu da dama na iyali a Afirka ta Yamma sun mutu tare da wanda ya kafa su saboda an bar irin wannan magana sai ranar rabon gado.

Bunƙasar Bajaj a ƙetare ta bi hanyar da ba a saba gani ba. Bai fara da neman Turai ko Amurka ba. Ya nufi ƙasashen da hanyoyinsu da aljihun mutanensu suka yi kama da na Indiya: Kolombiya da sauran Kudancin Amurka, Masar, Filifin, Nepal, Bangladesh, Sri Lanka, da Afirka kudu da Sahara. Makaminsa a Afirka shi ne Boxer, babur da ya fara fitowa a Indiya a 1997. Aka sake masa fasali don aikin haya: doguwar kujera shimfiɗaɗɗiya, ƙarfen ɗaura kaya a baya, ƙaƙƙarfan sufirin, da inji marar rikici wanda bakaniken bakin titi zai kwance ya mayar. A lokacin, baburan China masu arha ne suka cika kasuwar Nijeriya. Boxer ya fi su tsada, amma ɗan acaba ba farashin ranar saye kaɗai yake dubawa ba. Yana duba man da zai sha a wuni, da kwanakin da babur zai kwana a gareji, da balas ɗin da zai kai wa mai babur kowace yamma, da kuɗin da za a taya shi in ya tashi sayarwa bayan shekara biyu. A wannan lissafi Boxer ya ci. Kamfanin bai zuba kuɗi wajen gina manyan masana'antu ba. Yana aiko da babur a wargaje cikin akwati, dilan ƙasar ya haɗa, abin da ke rage harajin kwastan. Ya mayar da hankali kan wadatar kayan gyara da horar da makanikai. Nijeriya ta daɗe tana cikin manyan kasuwanninsa na waje, wasu shekarun ma ita ce ta ɗaya. A shekarar kuɗi ta 2018 zuwa 2019 abin da ya fitar waje ya haura miliyan biyu, kuma a wasu shekarun kusan rabin abin da yake ƙerawa ƙetare yake tafiya.

Mai ƙafa uku kuwa siyasar gida ce ta buɗe masa hanya. A Legas an san shi da Keke Marwa tun zamanin mulkin Buba Marwa a ƙarshen shekarun 1990. Shirin yaƙi da talauci na gwamnatin Obasanjo ya yaɗa shi da sunan Keke NAPEP. A Kano gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kawo shi don ɗaukar mata, ya gaji sunan shirin A Daidaita Sahu, sannan hana acaba da aka yi a birnin a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, ya mayar da shi abin hawan kowa. A wannan kasuwa Bajaj ba shi kaɗai ba ne, TVS na Indiya yana gogayya da shi sosai. A Habasha da Somaliya da Tanzaniya kuwa sunan gidan ya zama sunan keken kansa, ko wane kamfani ne ya ƙera shi.

Dogaro da irin waɗannan kasuwanni yana da haɗarinsa. Duk lokacin da Naira ta faɗi ko Dala ta yi wuya, kamar a 2016 da 2023, cinikin Bajaj a Nijeriya yakan ragu nan take. Gwamnati na iya hana acaba a dare ɗaya, kamar yadda Legas da jihohin arewa maso yamma masu fama da 'yan bindiga suka yi a lokuta daban-daban. Masar da Sri Lanka sun taɓa taƙaita shigo da masu ƙafa uku. Kuma ba ko'ina ya yi nasara ba: reshen sayar da babura da ya buɗe a Indonesiya bai iya karawa da Honda da Yamaha ba, ƙaramar motarsa mai ƙafa huɗu, Qute, ita ma ba ta samu karɓuwar da aka yi tsammani ba.

Turai ya shige ta ne ta ƙofar hannun jari. A 2007 Bajaj ya sayi kashi 14.5 cikin ɗari na KTM, kamfanin Ostiriya mai baburan tsere da na jeji, ya riƙa ƙarawa har ya kai kusan kashi 48. KTM yana da suna da fasaha amma ƙira a Turai tsada gare ta. Bajaj yana da masana'anta mai arha amma sunansa ba ya sayar da babur mai tsada. Sai aka riƙa ƙera ƙananan KTM a Chakan ana kai su Turai da Amurka da Japan, kuma a farkon 2023 na miliyan ɗaya ya fito daga wannan masana'anta. An yi irin wannan shiri da Triumph na Ingila, wanda baburansa masu 400cc ƙirar Indiya suka fito a 2023. A 2024 Bajaj ya buɗe masana'antar kansa a Manaus ta Brazil. Da KTM ya faɗa cikin bashi a ƙarshen 2024, Bajaj ne ya kawo kuɗin ceto a 2025, ya kuma karɓi ikon kamfanin.

Rahul Bajaj ya sauka daga shugabancin hukumar daraktoci a 2021, ɗan baffansa Niraj Bajaj ya gaje shi, Rahul kuma ya rasu a Pune a watan Fabrairun 2022. Kafin rasuwarsa ya ga sunan Chetak ya dawo: a 2020 aka fara sayar da sabon basfa mai amfani da lantarki da wannan suna, daga baya kuma aka gyara tsohuwar harabar Akurdi don ƙera shi. Kamfanin yana ƙera masu ƙafa uku na lantarki da na iskar gas, a watan Yulin 2024 kuma ya fito da Freedom 125, babur mai amfani da iskar gas ta CNG da ƙaramin tankin fetur a gefe don ranar da gas ya yanke.